Keken Kawu Nomau

Shekara talatin da ɗaya keken nan
yana hawa daga fadamar Kwalkwalawa da buhun albasa,
Kawu Nomau bisa sirdi,
gwiwa na ƙara, sarƙa na ƙara,
ba ka sanin wacce ta fi wata kuka.
Bara gwiwar dama ta ce ta gaji.
An shafa man shanu, an sha saƙe-saƙi, an ɗaura tsumma,
ta ce ita fa ta gama magana.

Ni kuwa ina da ɗan injin feshi ƙarƙashin benci,
wani manomin shinkafa ya kawo gyara,
ya ji kuɗi, bai ƙara waiwayowa ba.
Bai kai girman tulu ba.
Na kwance shi bisa buhun siminti,
na wanke kafireta da fetur a gwangwanin madara,
na kankare fulogi har ya yi ido,
na ja igiya sau tara.
A ta goma ya yi tari, ya yi atishawa,
ya kori kajin maƙwabta.

Kawu ya ce, "Mi kaka yi da wagga tsiya?"
Na ce gwiwa nake ƙera maka.

Kwana huɗu a Runjin Sambo
ni da Lauwali mai walda muna musu.
Shi ya ce tsakanin ƙafafu, ni na ce bisa kariya.
Muka ɗora a baya, keke ya ɗaga kai kamar akuya mai cin ganye,
muka sauke, muka bi tasa.
Bel daga injin markaɗen Inno Kulu,
fuli daga tsohuwar fanka,
tanki kuwa galan ɗin man gyaɗa, mai jan murfi.
Wayar totur birkin wani keke ce da ya riga mu gidan gaskiya.
Noti uku ba su zo daidai ba,
na cusa musu gwangwani, suka yi shiru.
Salansa ta ƙone ni a ƙauri,
tabon na nan, kamar kwabo.

Ran Laraba bayan la'asar, zafi ya ɗan saki gari,
muka auna baƙin mai da murfin kwalba,
muka girgiza, muka zuba.
Kawu ya yi bisimilla, ya naɗe riga, ya danne hula.
Taka uku, inji ya kama.
Hayaƙi shuɗi, yara a guje,
mai shayi ya bar madara tana zuba.

Sai da ya yi nisa na tuna birki.
Inji na ba shi, ban ba shi abin tsayawa ba,
robar nan ce dai tun ta zamanin aurensa.
Na bi shi da ihu. Ina!
Tulin yashin masu gini ne ya karɓe shi,
ya tashi yana tofar da ƙasa yana dariya,
haƙoransa huɗu duk a waje:
"Ɗan nan, ashe iska na da ɗanɗano!"

Na sake birki. Na ƙara sifoki a ƙafar baya.
Yanzu kafin rana ta yi tsini ya kai kasuwa,
buhu biyu, wani lokaci da kwandon tattasai.
'Yan kabu-kabu na yi masa ba'a,
ba babur ba, ba keke ba, jemage.
Shi ko a jikinsa.

Abu ɗaya na kasa gyarawa.
Jiya na hango shi kan gada, inji na ta aikinsa,
ruwan Rima na ƙyalli a ƙasa,
ga ƙafafun tsoho suna juya feda,
a banza, sarƙa ba ta jan komai.
Na tare shi na ce, Kawu, ai hutawa za ka yi.
Ya kashe inji, ya dube ni,
ya ce, "Na sani.
Kunya nika ji ya ɗauke ni ina zaune."